Ranar da rimok ya rabu da motarmu a hanyar Dogon Dutsi

Assalamu alaikum Edita, da duk masu karanta wannan shafi. Na daɗe ina bin labaran da mutane ke rubutowa, ban taɓa kawo wa raina cewa ni ma wata rana zan rubuto nawa ba. Ina roƙon a sakaya sunana. Ni ma ba zan ambaci sunan kowa ba, domin yawancin waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu.

A lokacin da abin ya faru ni ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti a yankin Guéchémé, kusa da ƙauyen da aka haife ni. Mutane suna ce mini likita, ko da yake allura da wankin ciwo da karɓar haihuwa su ne yawancin aikina. Ina da ƙuruciyata, kuma ina ganin kaina mace mai natsuwa, wadda jini ba ya tayar mata da hankali. Mijina malamin kolej ne a Dogon Dutsi, yana koyar da tarihi. Mun yi shekaru muna zaman rabe, shi can tare da yaranmu biyu saboda lakwal, wato makaranta, ni nan, sai ƙarshen mako ya zo ko ni in je. Da afektasiyona ta fito, wato aka mayar da aikina Dutsi, na yi murnar da ban yi irinta ba tun ranar da na haifi ɗan fari. Kaka ce a lokacin, an gama yankan hatsi, kowa yana cikin walwala.

Mijina yana da ƴar ƙaramar mota ta hannu, irin mai ɗaukar mutum biyar, kuma yana ji da ita. Da muka zo maganar kwashe kayan ɗakina, sai ya ce ba sai an jira motar kasuwa ba, wani maƙwabcinsa yana da rimok, wato ƴar tirela mai taya biyu da ake ɗaura wa mota a baya. Da shi maƙwabcin yake kai kujeru da rumfa wuraren biki da suna a cikin gari. Motarmu ba ta da wurin ɗaura irin wannan abu, sai ya kai ta wurin masu walda aka liƙa mata guntun ƙarfe mai huda a baya. Ana haɗa bakin rimok ɗin da wannan ƙarfe, a zura wata doguwar ƙusa mai kauri, a ɗaure ta da noti daga ƙasa. Shi ke nan abin da ya riƙe su. Babu sarƙa, babu fitila a bayan rimok ɗin, babu birki a tayoyinsa. Ban lura da rashin ko ɗaya daga cikinsu ba a ranar, domin ban san ana sa su ba. Shi ma mijina bai sani ba. Bai taɓa jan komai da mota ba a rayuwarsa.

Tun da hantsi muka fara lodi, maƙwabta suna taya mu. Aka jera gado da katifa da kwanukana da tukwane da akwatunan tufafi daga gaba, aka ɗaure da igiya tam. Har mun gama sai ga babana ya iso da amalanken shanu ɗauke da buhunan hatsi. Ya ce ba zai sallami ɗiyarsa zuwa birni hannu rabbana ba, a shekarar da Allah ya ba shi albarkar gona. Ba wanda ke son kwance ɗaurin da aka sha wahala a kansa, kuma can baya akwai fili, sai aka jibge buhunan a wutsiyar rimok ɗin, bayan tayoyi. Ina tuna mijina ya kama bakin rimok ɗin da hannu ɗaya ya ɗaga shi ba wahala, ya yi dariya ya ce wa babana ya duba yadda lodin ya zauna daidai, motar ba za ta ma san tana jan kaya ba. Babana ya sa mana albarka. Muka yi sallar azahar muka kama hanya.

A kan jar hanya a hankali muka yi ta tafiya saboda gargada. Ina jin ƙarfe yana bugun ƙarfe daga baya, na ɗauka haka abin yake. Mijina ya tsaya a wani wuri ya zagaya ya taɓa igiyoyi, ya ga ba su saki ba, ya dawo. Bai duƙa ya dubi ƙusar ba, ni ma ban ce ya duba ba. Da muka hau kwalta sai ya sauke numfashi ya ce yanzu muka fara tafiya, ya ƙara gudu. Ba gudun hauka ba ne, irin wanda ya saba yi ne kullum idan shi kaɗai ne a motar. Ina ɓare gyaɗa ina miƙa masa, muna maganar inda za a sa gadon a sabon ɗakin. Muka iso wata gangara mai tsawo, wata babbar mota ta taho daga gabanmu ta wuce da iskarta. Daga nan na ji bayan motarmu ya fara kaɗawa, kamar wani ya kama wutsiyarta yana jan ta dama da hagu. Kaɗawar tana ƙaruwa. Mijina ya riƙe sitiyari yana ƙoƙarin gyarawa, da ya ga abin ya fi ƙarfinsa sai ya taka birki da iyakar ƙarfinsa. Na ji wata ƙara, motar ta yi sakayau. Sai na ga gadona ya wuce ta tagar gefena.

A gaba kaɗan, a gefen hanya, akwai wani dattijo yana tafe a ƙasa bayan jakinsa da ya ɗora wa harawa. Ya ba mu baya. Ban jin ya ma ji zuwan abin. Rimok ɗin ya same shi ya tafi da shi cikin kwari, sannan ya kife. Buhuna suka fashe, hatsi ya watsu tun daga kwalta har cikin yashi.

Ban yi ihu ba, ban yi salati da ƙarfi ba. Na buɗe ƙofa na tafi wurinsa kamar yadda nake tafiya wurin mara lafiya idan an kira ni. Yana kwance rigingine, idonsa biyu. Jini kaɗan ne a waje, a goshi da gwiwar hannu. Amma da na ɗaga rigarsa na taɓa cikinsa sai na ji ya yi tauri yana kumbura, hannuwansa sun yi sanyi, bugun jininsa yana sauri amma ba ƙarfi. Na san abin da hakan ke nufi. Jinin a ciki yake zuba, kuma ba abin da ke iya tsayar da shi sai ɗakin tiyata. Na kira motar asibiti a waya, na faɗi inda muke da murya daidai. Na cire mayafina na rufa masa. Mutanen gonakin kusa suka fara taruwa. Na waiga na ga mijina zaune a bakin kwalta, makullin mota a hannunsa, yana kallonsa kamar bai san mene ne ba.

Dattijon ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, jakina fa?"

Na ce, "Yana nan, Baba. Ba abin da ya same shi."

Ya lumshe ido kamar ya samu abin da yake nema. Can kuma ya buɗe ya ce ƙishirwa yake ji, a ba shi ruwa. Wata mata ta miƙo gora. Na tare hannunta. An koya mana cewa wanda ake zaton za a yi wa tiyata a ciki ba a ba shi abin sha, kuma ni har lokacin ina sa rai motar za ta iso. Na jiƙa gefen zanena da ruwan gorar na shafa masa a leɓe. Ya tsotsa, ya sake roƙo, ya ce ko kurɓi guda. Na ce ya yi haƙuri, yanzu za a kai shi asibiti ya sha. Matar tana tsaye da gorarta tana kallona. Daga baya maganarsa ta yi ƙasa, wani daga cikin mutanen ya durƙusa yana laƙana masa kalmar shahada, yana amsawa a hankali. Kafin motar ta iso rai ya yi halinsa. Ni na rufe masa ido.

Abin da na yi bayan nan har yau ban gane shi ba. Na miƙe na shiga tsince tukwanena da suka watse, ina jera su babba a ƙasa ƙarama a sama, ina kaɗe musu yashi. Ina cikin haka jandarmomi suka iso. Suka auna hanya, suka ɗauki hoto, suka sa mijina a motarsu. Wani daga cikinsu ya ce mini in bar tukwanen in biyo su. Na ce to.

A ofishinsu ne na fara jin sunan mamacin, kuma a nan na fara jin yadda abin ya faru. Babbansu ya yi wa mijina tambayoyi a gabana ba tare da faɗa ba. Ya tambayi ina sarƙar da ake ɗaurawa tsakanin mota da rimok, wadda ke riƙe shi idan mahaɗin ya kwance. Ya tambayi wa ya ce wannan mota tana iya jan wannan nauyi. Ya tambayi wa ya sa buhuna a baya. Mijina yana ta cewa bai sani ba, ko kuma shi ne. Jandarman ya nuna mana ƙusar, an tsince ta a kan kwalta lafiyarta lau, notin ne babu. Ya ce gargadar jar hanya ce ta warware shi tun da nisa. Da nauyi yana kan bakin rimok ɗin da ya danne mahaɗin, amma da yake buhunan suna baya, sai suka riƙa ɗaga bakin sama, suna rage wa tayoyin bayan motar kama ƙasa. Shi ya kawo kaɗawar, birkin da aka taka da ƙarfi kuma ya ƙarasa. Na saurare shi na fahimci kowace kalma, amma kamar labarin wasu mutane yake ba ni.

Aka tsare mijina. Ni kuma ranar da takarda ta ce in fara aiki a Dutsi na sa farar rigata na tafi. Ina yi wa mutane allura, ina dafa wa yara abinci, ina kai wa ubansu nasa a gidan kaso, in dawo in kwanta a tabarma domin gadon ya karye. Barci yana zuwa, ba mafarki. Abinci ba ɗanɗano, amma ina ci. Ƴan uwa suka yi ta zuwa jaje, suna kuka, ni ina ba su haƙuri. Wata gwaggona da ke aure wajen Lugu ta ce wannan gangara an san ta, akwai doguwa, wato aljana, a wurin, ita ce ta kama wutsiyar motar. Ƙanen mijina, matashin ɗan kasuwa mai yawan wa'azi, ya ce a daina irin wannan magana, ƙaddara ce kawai. Suka yi ta musu a tsakar gidana. Ina zaune ina tsinke zogale. Na ji wasu a unguwa suna cewa aikin asibiti ya busar mini da zuciya. Ban ji haushi ba. Na yi tunanin ko gaskiya ne.

Babana ne ya ce dole mu je ta'aziyya, ko za su kore mu. Shi ma abin ya tsaya masa, yana ta cewa da bai kawo hatsin ba. Muka je ƙauyen mamacin, ƙaramin gari ne ba nisa da kwalta. Maza suka zauna a waje da wan mamacin, ni aka shigar da ni wurin matarsa. Mace ce siririya, tana zaune a kan tabarma da carbi, ɗiyanta mata a gefe. Na gaishe ta na yi mata gaisuwar rashi, ta amsa. Can ta ce an gaya mata ni ce a kansa har ya cika, tana son ta ji abin da ya faɗa. Na ce ya tambayi jakinsa. Ta ɗan murmusa ta ce halinsa ke nan. Na ce ya kuma nemi ruwa. Ta tambaye ni ko na ba shi. Zan iya cewa e, ba wanda zai ƙaryata ni a ɗakin. Na ce ban ba shi ba, na gaya mata dalili. Ta daɗe tana jan carbinta.

Sannan ta ce, "Tun safe ya hita, bai sha hurarshi ba. Na ce ya tsaya, ya ce sai ya dawo."

Da za mu tafi ta sa aka kawo mini ruwa a ƙwarya kamar yadda ake yi wa kowane baƙo. Na karɓa na sha domin ban san yadda zan ƙi ba.

Wan mamacin ya je da kansa har gaban hukuma ya ce su sun yafe, ba su neman komai, kwanan ɗan uwansu ne ya ƙare. Wannan ya sassauta, amma shari'a ta yi aikinta. Mijina ya yi zaman da aka yanke masa ya fito. Ya koma aji yana koyarwa, sai dai ya zama mutum mara magana. Motar ta daɗe a ƙofar gida tayoyinta suka sace, daga baya ya sayar. Maƙwabcin mai rimok ya zo sau da yawa yana ba da haƙuri, yana cewa shi a cikin gari kawai yake jan sa, da kujerun roba, bai taɓa hawa babbar hanya da shi ba. Ba mu riƙe shi da komai ba.

Bayan fitowar mijina da ƴan kwanaki, wata ranar kasuwa da la'asar, aka yi sallama a ƙofar gida. Wan mamacin ne, ya biyo motar kasuwa da buhuna. Ya ce ranar da abin ya faru, bayan an tafi da gawa, matan garinsu sun fita sun share hatsin da ya zube, sun sheƙe shi sun rairaye, suka ajiye har mijina ya fito. Mijina ya ce don Allah ya mayar wa iyalin mamacin, su suka fi mu buƙata. Wan mamacin ya girgiza kai.

Ya ce, "Hatsinku na, Malam. In mun ci shi, sai a ce da shi aka biya mu."

Ya ƙi ko zama, ya ce motar za ta tafi ta bar shi. Buhunan suka kwana a zaure ba wanda ya taɓa. Muka raba mafi yawa sadaka da niyyar Allah ya kai ladan ga mamacin. Babana ya ce mu rage kaɗan mu ci, domin mutanen sun sha wahala a kansa, ƙin ci raini ne. Na surfa na wanke na kai niƙa, na tuƙa tuwo. Duk da rairayar da suka yi, akwai sauran yashi. Muna ci yana ƙaras-ƙaras a haƙora. Yara suka ce tuwon da tsakuwa, ubansu ya ce su ci su yi shiru. Shi ya cinye nasa tas, ya wanke hannu, ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Na ji kukansa daga tsakar gida. Ni na kwashe kwanuka na wanke.

Shekaru sun wuce yanzu. Na tambayi likitoci da suka fi ni sani game da ruwan nan, duk sun ce abin da na yi shi ne daidai, kuma ko na ba shi ko ban ba shi ba, ba zai kai asibiti ba. Na yarda da su. Amma da na san ba zai kai ba, da na ba shi ya sha ya ƙoshi. Har yau ban yi kukan wannan rana ba. Ba na jin zafi sosai, ba na kuma jin daɗi sosai. Ina aikina, ina renon yarana, ina sallata.

Abin da ya sa na rubuto shi ne yanzu ina ganin ƙananan motoci da yawa suna jan rimok a hanyoyinmu, na kayan biki, na hatsi, na dabbobi, har da masu ɗora mutane a kai. Ƴan uwana, ja daban yake da tuƙi. Kafin ka ɗaura wa motarka komai, ka tambayi wanda ya sani ko tana iya ɗaukar nauyin, kuma mahaɗin ya zama na gaskiya mai makulli, ba ƙusa da noti ba. Ka sa sarƙa ko da tafiyar kusa ce. Kaya masu nauyi su zauna a kan tayoyi da ɗan gabansu, kada su koma wutsiya, ko da sai an kwance lodin duka an sake. Idan ka ɗaga bakin rimok ka ji ba nauyi, ba abin murna ba ne. Bayan ka bi hanya mai gargada ka tsaya ka duƙa ka dubi mahaɗin da idonka. Ka rage gudu fiye da yadda ka saba, musamman a gangara, in kuma ya fara kaɗawa ka ɗaga ƙafa daga mai a hankali, ka riƙe sitiyari sak, kada ka danne birki gaba ɗaya. Ke kuma da ke zaune a gefe, in kin ji ƙarar da ba ki gane ba, ki ce a tsaya a duba.

Na yarda da ƙaddara, kuma na san kowa da ranarsa. Sai dai mu da muka yi sakacin mun fita ko ƙwarzane babu. Dattijon nan bai ari rimok ba, bai yi lodi ba, bai hau motarmu ba. Tafiyarsa yake yi a gefen hanya, inda ya kamata mai tafiya a ƙasa ya bi. Duk wanda ya karanta wannan, ina roƙon ya sa shi a addu'a.